Kasmuri Wanzamin Ƙofofi

Kasmuri ɗan kafinta ne, a cikin dusar katako ya yi rarrafe. Yawancin ƙofofin Karangbanyu mahaifinsa ne ya yi su da itacen jati mai kauri, yana sassaƙa furen bado da ganyaye a ƙasan kowace ɗaya, kuma ba ya maimaita zane. Lokacin da Kasmuri yana yaro teku na da nisa da garin. Sai mutum ya hau keke ya ratsa gonakin shinkafa da bishiyoyin kwakwa kafin iskar gishiri ta taɓa masa fuska. Ya gaji sana'ar, ya auri Ngatemi mai soya tempe, wata irin wainar waken soya, a bakin makaranta, suka haifi 'ya ɗaya, Lasmi. Mutum ne marar yawan magana, kuma bai taɓa sha'awar zama a wani gari ba.

Ruwan bai zo musu a rana ɗaya ba. Gishiri ya fara kashe shinkafa, sai mutane suka mai da gonakinsu tafkunan kifi da jatan lande. Bayan wasu shekaru teku ya haɗiye bakin tafkunan. Kwakwa ta bushe a tsaye. Wasu suka ce ƙasa ce ke nitsewa, wasu suka ce teku ne ke hawa, aka yi ta musu a rumfar shayi har ruwa ya shigo rumfar. Daga nan duk lokacin da teku ya cika sai ya biyo lungu ya shiga ɗakuna, ya jiƙa tabarma, ya koma ya bar laka.

Dabarar da ta rage wa mutane ita ce ciko. A kawo yashi da ɓaraguzan gini a zuba a ɗaki, a daɓe, daɓen ya ɗan hau. Da daɓe ya hau sai ƙofa ta ƙi rufuwa, sai a aika a kira Kasmuri ya cire ta ya rage mata ƙasa. Shekara biyu ko uku ruwa ya sake kamo daɓen, a sake ciko, a sake kiransa. Babu wanda ya ƙara cewa a yi masa sabuwar ƙofa. Da aka daina iya shigo da yashi da mota aka koma kwale-kwale, Parjo mai kwale-kwale, abokinsa tun na ƙuruciya, ya laƙaba masa suna.

"Ga wanzamin ƙofofi nan. Yau wa za a yi wa aski?"

"Kai zan fara yi wa, Kang. Ƙafafunka sun yi wa gidanka tsawo."

Kang yake ce wa Parjo, wato yaya. Yana dariya idan an kira shi wanzami, amma duk guntun da ya yanke ba ya yarda ya bar shi a gidan mutane. Yakan kawo gida ya jera a kan rufi, ganyen bado a nan, rabin fure a can. Ngatemi ta yi ta mita cewa da ya bari ta hura wuta da su.

Da zarton hannu yake aikin tun farko. Da kafaɗarsa ta fara ciwo ya sayi zarton lantarki mai faifai, na hannu, tsoho, wayarsa duk ɗauri. Da shi ya je gidan Mbah Sumirah, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin. Ƙofarta ce mahaifinsa ya fi so a duk aikinsa. Ya kwantar da ƙofar a kan benci biyu a barandar gidan, ya ja layi da fensir, ya fara yanka. Bai lura ruwa ya fara shigowa ta bayansa ba. Mahaɗar wayar da ya naɗe da leda ta zame ta faɗa ciki. Abin da ya iya tunawa shi ne an ɗauke shi an maka da bango. Zarton ya kufce ya yi tafiyarsa a kan ƙofar, ya keta sassaƙar a karkace tun daga ƙasa har tsakiya.

Mbah Sumirah ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka ba shi ruwan ɗumi da sukari, sannan ta durƙusa tana shafa wurin da ya tsage da tafin hannu.

"Ranar da aka kafa ta kana goye a bayan uwarka," in ji ta. "Ba komai, ɗana. Mu ma duk an kusa gamawa da mu."

Tun daga ranar hannunsa na dama bai koma daidai ba. Yatsu biyu suka yi sanyi, ba sa riƙe abu da ƙarfi. Ngatemi ta ɗauki zarton ta jefa can bayan gidansu inda ruwa ya fi zurfi. Pak take ce masa, wato baba, kamar yadda ake kiran kowane magidanci a can.

"In kana son mutuwa, Pak, ka bari sai na riga ka. Ba zan zauna ni kaɗai a cikin wannan miyar ba."

Ya koma zarton hannu, amma layi ya daina miƙe masa. Sai ya fara daidai, kafin ya kai ƙarshe ya kauce. Ƙofa biyu ya rage suka fito da baki a karkace, kaguwa na shiga ta ƙasa. Masu gidajen ba su ce masa komai ba, hakan ya fi yi masa zafi.

Lasmi tana ɗinki a wata masana'anta a gefen birnin Semarang, ita da mijinta suna haya a kan tudu. Da ta zo ganin gida ta tarar da shi zaune yana murza yatsunsa. Ta ce su tattara su bi ta. Ya ce wa zai rage wa mutane ƙofa? Ta ce mutanen ma tafiya suke. Da ta ga ba za ta iya da shi ba, ta nuna masa wani bidiyo a wayarta: wani mutum ya ɗora doguwar sandar alminiyom mai faɗi a kan katako, ya ɗora zarto a kanta, zarton na bin ta kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Da hannu ɗaya yake turawa, yankan ya fito a miƙe sak. Kasmuri ya sa ta maimaita masa har cajin wayar ya kusa ƙarewa.

Babur ɗinsa ya daɗe a ajiye a gidan wani ɗan'uwa a bakin babban titi, tunda hanyar garin ta nutse babu inda za a hau shi. Ya sayar da shi. Wata safiya Parjo ya fitar da shi a kwale-kwale, ya hau bas zuwa birni da guntun ƙofar Mbah Sumirah a cikin jaka.

Shagon kayan aikin na wata mata ne, Cik Hwa, 'yar gajeriya mai tabarau a goshi, wadda ta gaji wurin daga mahaifinta. Ta dubi wandonsa da ya jiƙe har gwiwa, ta san daga inda ya fito.

"Famfon zuƙe ruwa kake nema, Pak? Mutanenku shi suke saye."

"Zarto nake so. Mai hawa dogo."

"Kicin za ka haɗa wa wani?"

"Ƙofofi nake ragewa."

Ta sauko masa da guda uku ta jera a kan tebur. Na farko babba ne mai waya, ta ce shi ya fi ƙarfi, ba ya gajiya, kuma shi ya fi sauƙi.

"Ban da mai waya."

"Haba Pak, jati za ka yanka fa, ba kwali ba."

Ya ɗaga hannunsa ya nuna mata yatsun. Ta ɗauke zarton ta ajiye gefe.

Na biyu ƙarami ne mai batir, marar nauyi, ya zauna masa a hannu kamar don shi aka yi. Ransa ya kwanta da shi. Sai ya fito da guntun ƙofar ya kara a jikin faifan. Haƙoran ba su kai ɗaya gefen ba.

"Wa ya yi ƙofa da wannan kauri? Ta gidan yari ce?"

"Mahaifina ne."

"To ya yi ta don ta wuce jikoki. Wannan ƙaramin ba zai ratsa ta ba, balle kaurin dogon ma zai ci wani abu a ciki. Sai dai ka juya ta ka yanka ta baya, kuma da wuya yankan biyu su haɗu."

Ya tambaye ta ko babu hanyar ɗora zarto na gama-gari a kan dogon. Ta ce akwai wani ƙarfe da ake ɗaura masa a tafi, ta ɗauko ta haɗa ta ce ya girgiza. Ya girgiza, ya ji yana wasa kaɗan. Ta ce mai hannu biyu lafiyayyu zai iya danne shi, shi kam kada ya yaudari kansa.

Na uku shi ma mai batir ne, amma an yi shi ne domin dogon. A tafinsa akwai kwarmi da ke shiga bakin sandar ya zauna daram. Faifan na ɓoye a ciki, sai an danna yake saukowa, da an saki ya koma. Ta canza masa faifai mai ƙananan haƙora masu yawa, ta nuna masa robar da ke bakin dogon, wadda ke danne katako don kada ya tsage. Suka fita bayan shago, ta ɗaure guntun a kan benci, ya ɗora dogon ya tura da hannun hagu, na dama yana bisa kawai. Ya ɗauki abin da ya faɗo ya shafa bakinsa. Sumul, ko ɓurɓushi babu. Tunda yake bai taɓa yin yanka mai kyau haka ba.

"Dogon gajere zan ɗauka," in ji shi daga baya. "Faɗin ƙofa kawai. Mai tsawon ba zai shiga kwale-kwale ba."

Tana ɗaure masa kayan tana magana. Ta ce ya riƙa goge shi yana rufewa a leda, don ba a yi shi domin iskar gishiri ba. Ta ce akwai wani mai haɗa kabad da kicin da ke sayen kaya a wurinta, kullum yana neman hannu, da wannan zarto zai iya zama a birni ƙafarsa a bushe.

"Ƙofa nawa ta rage maka a can, Pak?"

"Akwai dai."

Watannin farko ya ji kamar an dawo masa da hannunsa. Har taruwa ake yi a kalli aikin. Parjo ya ce yanzu wanzami ya sami aska ta Turawa, ya kamata ya riƙa shafa wa ƙofofin hoda in ya gama. Ngatemi ta ɗinka wa zarton jaka da tsohon zane. Ya rage ta masallaci, ya rage ta makarantar da babu ɗalibai, ya rage tasa. Wasu ƙofofin sassaƙar ta riga ta ƙare, yanzu jikin katakon yake ci. Manya suna shiga ɗakunansu a sunkuye, a wasu gidajen ma da rarrafe, in an zauna a kujera kai na gogar rufi.

Mbah Sumirah ta rasu a gidan jikarta a wani gari. Gidaje suka yi ta zama kango. Sai dillalan tsohon katako suka fara zuwa daga garin Jepara da babban jirgi, suna sayen ƙofofi da ginshiƙai daga masu tashi. Wata rana Kasmuri yana tsaye maƙwabcinsa Darno ya fito da tasa ƙofar, wadda yake sa ran kuɗinta za su kama masa ɗaki a tudu. Dillalin ya juya ta da ƙafa.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika? Da a ce cikakkiya ce da otal zan kai ta. Yanzu kam sai dai a yi teburin shan shayi."

Darno bai dubi Kasmuri ba. Ya karɓi abin da aka ba shi. Da jirgin ya tashi ne ya ce, yana kallon ruwa, "Da na sani da labule na rataya, na ɓoye ta a rufi." Maganar ta zaga garin. Bayan haka wanda ya yi ciko sai ya cire ƙofarsa ya adana, ya rataya buhu. Kiran Kasmuri ya ragu har ya kusa ɗaukewa. Kullum da safe yakan fito da zarton ya goge shi ya mayar.

Ngatemi kuwa ciwon suga ya daɗe da kama ta, ga ƙafa kullum a cikin ruwa. Wani ɗan ƙurji ya fito mata a diddige ya ƙi warkewa. Lasmi ta kai ta asibiti, aka wanke aka naɗe, aka ce kada ta bari ya jiƙe. Ta yi dariya a gaban likitan. Ta ƙi zama a gidan 'yar, ta ce ɗaki ɗaya ne, ba za ta kwana a ƙarƙashin ƙafar surukinta ba, kuma wa zai dafa wa tsohon nan? Kasmuri ya ɗaga mata gado da bulo har goshinta na kusa da rufi. Ya ce mata idan damina ta wuce za su tashi. Ta ce haka ya faɗa bara.

Zazzaɓin ya yi tsanani ne wata safiya da teku ya janye. Laka ce ko'ina, kwale-kwale ba ya motsi, gadar katakon da ake bi zuwa titi kuma ta karye tun watan jiya. Parjo ya yi ta tura jirgin a cikin laka har ƙirji, bai kai ko'ina ba. Kasmuri ya zauna yana jiƙa tsumma yana ɗora mata, yana leƙa waje ko ruwa ya fara dawowa. Shekara da shekaru yana roƙon Allah ruwan nan ya tafi, ran nan yana roƙon ya zo. Kafin ya zo ta cika.

Matan da suka rage a garin suka yi mata wanka a ciki, suka sa mata likkafani. Aka kawo makara daga masallaci, sai aka ga ba za ta shiga ba. Bakin ƙofar bai wuce ƙirjin mutum ba, ga shi an yi masa dokin siminti don tare ruwa. Maza suka tsaya cirko-cirko. Liman ya ce a hankali ko za a ɗora ta a tabarma, biyu su ja daga waje, biyu su tura daga ciki.

"Ba za a ja ta ba," in ji Kasmuri.

Ya shiga ya ɗauko jakar. Bangon gaban gidan na katako ne. Ya kafa dogon a tsaye da ƙusa, ya ɗora zarton ya sauko da shi, ya cire ya matsar ƙasa ya sake. Ya yi ɗaya gefen haka. Da ya gama Parjo da Darno suka karɓi allon suka jingine, haske ya shiga ɗakin da ya yi shekaru bai shiga ba, ya bayyana gansakuka a jikin komai. Aka shigar da makarar, aka fito da Ngatemi a kan kafaɗu.

Maƙabartar garin ta daɗe a ƙarƙashin ruwa, kan duwatsun kawai ake gani idan teku ya janye. A tudu aka binne ta, kusa da unguwar su Lasmi, a cikin mutanen da ba ta sani ba. Bayan addu'ar bakwai Parjo ya ce ya zo su mayar da allon kafin iska ta ɗaga rufin. Kasmuri ya ce a bar shi. Ya ɗauki kayan sawarsa da zarton ya bi 'yarsa.

Ya je wurin mai haɗa kabad ɗin nan da Cik Hwa ta faɗa. Mutumin kirki ne, ya karɓe shi. Amma a can babban inji ne ke yanka allo, ana danna masa lambobi, aikin mutane shi ne ɗauka da ɗaura kusoshi da sauri. Allon ma garin katako ne da aka matse da gam. Yatsunsa ba sa riƙe ƙananan kusoshin, suna zubewa yana durƙusawa yana tsinta. Da wata ya ƙare mai wurin ya kira shi gefe ya ce, "Pak, ka huta haka nan, ka yi naka." Ya gode masa ya fito. Wani abokin surukinsa ya ari zarton zai yi aiki a wani gida, bai dawo da shi ba, Kasmuri kuma bai tambaya ba.

Yanzu a barandar gidan hayar yake kwana. Maƙwabciyarsu tana sayar da abinci, takan kawo masa kwandon barkono da albasa ya gyara mata, ta ba shi shinkafar rana. Ranar Alhamis da yamma yana zuwa kabari ya cire ciyawa. Mutanen unguwar sun san shi da Mbah mai barkono, wato kaka mai barkono, ba su san ya taɓa riƙe zarto ba.

Bayan sallar layya Parjo ya hau tudun ya same shi. Ya rame, ya sa takalmi sau-ciki da bai saba da shi ba. Ya ce ya sayar da kwale-kwalen, zai bi ɗansa tsibirin Kalimantan aikin gonar kwakwar manja. Ya ce gidajen da ke da mutane a Karangbanyu ba su kai a yi sahu biyu a masallaci ba, an yanke musu wuta, Darno ma ya tafi.

"Gidana fa?"

"Rufin ya zauna. Masu kamun kifi na ɗaure jirgi a jiki."

Lasmi ta kawo musu shayi da soyayyar ayaba. Parjo ya dubi kwandon da ke gaban abokinsa, ya buɗe baki kamar zai yi tsokana, sai ya kai kofi bakinsa. Suka zauna suna kallon babura na wucewa. Da la'asar ta yi Kasmuri ya raka shi bakin titi, ya tsaya har bas ta zo.

"Sai wata rana, Kang."

"In da rabo. Ka riƙa cin abinci."

Ya hau tudun a hankali yana hutawa. Maƙwabciyar ta leƙo ta ce barkonon fa, masu cin abincin yamma sun kusa fara zuwa. Ya ce ga shi nan. Ya zauna ya jawo kwandon.